Tallar da Zayyad Ya Kai Bukkuyum

Shagon Zayyad yana bakin tashar Gummi, tsakanin mai faci da mai shayi, kuma baƙo zai iya wuce shi bai lura ba, don ba shi da allon suna. Katako ne da kwano, sai wani dogon tebur da aka jera wa soket, wayoyin mutane kwance a kai kamar kifin da aka shanya. Caji yake yi, yana kuma tura waƙa da wa'azi da fim a memori. Idan janareto yana aiki sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka. Idan ya mutu kuwa, sai Zayyad ya jingina da bango ya lumshe ido, ba barci ba, ba kuma tunanin da zai iya gaya wa wani ba.

Ba ɗan Gummi ba ne. A Duza aka haife shi, can ƙasar Anka, a gidan Malam Abdulhadi mai makarantar allo. Ya yi karatu daidai gwargwado, har ana cewa shi zai gaji buzun uban. Sai zinariya ta ɓulla. Samarin ƙauyen suka ajiye allo da fartanya suka bi rami, shi ma ya bi. A lokacin yana da mata, Hamida, 'yar Bukkuyum, da yaro ɗaya, Halilu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Kamar kowa, Zayyad ya riƙa kawo dutsen gida a buhu, Hamida ta daka shi a tsakar gida, a turmin da take surfe, yaron yana wasa a ƙasa yana kai hannu baki. Babu wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. A shekarar 2010 yara suka fara sanƙarewa gida-gida. Kafin likitocin waje su zo su kankare ƙasar gidaje su zuba sabuwa, an riga an rufe Halilu.

Auren bai mutu da faɗa ba. Magana ce ta ƙare a tsakaninsu, ta ajiye masa tuwo ta koma ɗaki, ya ci ko ya bari. Wata rana yayanta Sanda ya zo da babur ya ce Inna tana son ganinta. Ta tafi, ba ta dawo ba. Da Zayyad ya je biko, Sanda ya tare shi a ƙofar gida ya ce in ya sake taka unguwar sai an ɗauki gawar ɗayansu. Ya dawo ya aika da saki ɗaya. Da ya ji ta yi wani aure, ya sayar da abin da ya rage masa ya koma Gummi, inda ba wanda ya san shi sai taubashiyarsa Dija mai kitso, wadda aure ya kai can tun yana yaro.

Haka ya zauna shekaru, shi da wayoyin mutane. Bai sake aure ba. In an tambaye shi sai ya ce kasuwa ba ta kai ba.

A 2017 Bala ya kira shi. Tare suka yi rami a Tungar Daji, amma shi Bala ya fita da ƙafar dama, ya koma Kaduna, har ya buɗe wani shafi a intanet na haɗa masu neman aure. Ya ce yana da mutanen Kano da Kaduna, amma yammacin Zamfara fayau yake.

"Mutane kawai nika so," in ji Bala. "Kai ka san wuri. Ka gano min inda suke, da ƙofar da za a bi a same su. Musamman mata. Maza ko ba ka kira su ba suna zuwa."

Zayyad ya karɓa. Ya gaya wa kansa aikin lada ne, ɗan malam yana raya sunna. Ya kuma kafa wa kansa ƙa'ida guda, wadda ya gani a wurin ubansa lokacin da ake kawo masa ɗaurin aure: ba zai riƙe maganar mace ba sai waliyyinta ya sani, sai kuma ya ji amincewa daga bakinta ita kaɗai, ba kowa a kusa.

Da Fesbuk suka fara. Bala ya biya talla daga Kaduna, aka ce wa na'ura ta nuna wa matan Zamfara kaɗai. Saƙonni suka yi ta shigowa, sunaye masu daɗi, hotunan furanni da na jarirai. Zayyad ya fara kira ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ce sunanta Hajiya Zainab, da ta ɗauka, sai ya ji murya kamar ta mai kiran kasuwa. Mahauci ne a Anka. Ya ce da sunan mace ya buɗe shafinsa don an fi karɓar abota. Wata kuma mijinta ne yake riƙe da wayar, ya zage shi tas, sannan kafin ya kashe ya rage murya ya tambaya ko akwai zawarawa farare. Na'urar Bala tana ƙidaya mata, Zayyad yana sauraron gemu.

Ya koma zaurukan Wasap, na 'yan ƙwallo, na 'yan siyasa, na tsofaffin ɗalibai. Wasu suka fitar da shi nan take, wani ya bi shi da dogon wa'azi a kan haɗa maza da mata. Ya ba da sanarwa a filin gaishe-gaishe na rediyo, sai tsofaffi suka yi ta kira suna cewa a turo hoto tukuna. Ya buga 'yan takardu ya manna a bayan babura da ƙofar kemis, ruwan sama da awaki suka raba su.

"Ina matan?" in ji Bala kullum. "Ko Zamfara maza kaɗai anka haifa?"

Amsar tana zuwa shagonsa kowane mako, bai lura ba. Dija takan shigo da ƙullin hankici cike da memori, na matan da take yi wa kitso a gidajensu. Waɗannan matan ba su da data, ba su san Fesbuk ba. Ƙananan wayoyi ne da su, masu tocila, kuma duk abin da ke cikin memori sai sun ji shi daga farko har ƙarshe, suna tsintar shinkafa, suna wanki. Ranar da abin ya faɗo masa, ya daɗe yana kallon hankicin.

"Yaya Dija, murya za ki ara min."

"Murya? Kai da ko goro ba ka taɓa ba ni ba?"

Ya yi mata bayani. Mace ta fi yarda da muryar mace. Za ta faɗi magana kaɗan, cewa duk mai neman aure na mutunci, bazawara ko budurwa, ta kira wannan lamba, ba hoto, ba tonon asiri. Shi kuma zai saka ta a tsakanin waƙoƙi.

"To ni fa?" in ji ta. "In na ji tallar tawa ta burge ni, wa zan kira?"

"Mijinki. Ki ce ya ƙara kuɗin cefane."

Ta kai masa duka da hankicin, amma ta yi. Sai da suka maimaita sau da yawa saboda dariya.

Abin ya ci. Ya ci har ya wuce yadda ya so, don memori ba ya tambayar ko mai shi tana da aure. Wani magidanci ya zo da wayar matarsa yana huci, ya ce yana cin tuwo a gidansa ana tallar miji a kansa. Sai da mai shayi ya shiga tsakani. Amma a bayan wannan, mata na gaske suka fara kira. Yawanci su buga su katse, ya bi su. Wata goggonta ce za ta fara magana, wata ƙaninta. Tallar ta riƙa tafiya da ƙafarta, daga waya zuwa waya, har ƙauyukan da bai taɓa jin sunansu ba. An ɗaura aure a Gummi, an ɗaura a Daki Takwas. Bala ya daina ƙorafi.

Da farkon damina wani direban Bukkuyum ya kawo caji, yana hira da mai faci, sai ya ambaci rasuwar wani ɗan tireda, ya ce matar ta gama takaba ta koma gidan yayanta Sanda. Zayyad yana riƙe da wayar direban a hannu. Ya daɗe yana neman ramin cajin bai samu ba.

A makon nan ya gaya wa Bala cewa Bukkuyum kasuwa ce da ba a taɓa ba, ya kamata a shige ta. Ya kawo hujjoji masu kyau, har shi kansa ya kusa yarda da su. Ya samu wani mai tura waƙa a can, Rabe, suka shirya zai riƙa saka tallar a duk memorin da aka kawo masa. Sai dai ba ta Dija ya kai ba. Ya rufe shago da rana tsaka, ya ɗauki sabuwa da muryarsa, da Hausar rediyo, ya ce shi ne Malam mai haɗa aure.

Dija ta ji ta a wayarsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye.

"Ɗan Malam, ba kai kac ce mace ta fi yarda da muryar mace ba?"

"Mutanen Bukkuyum daban suke."

"Daban da mi? Kunnensu ga ƙeya yake?"

Ya juya yana gyara wayoyin kan tebur.

"Ai da ka saka sunanta ciki ka huta," in ji Dija. "Ka cika gari guda da surutu don mutum ɗaya. Ka tashi ka tai gidan mana."

"Sanda na nan."

"Sanda kaka tsoro, ko abin da za ta ce?"

Ya tashi ya je duba man janareto, wanda ya cika da safe.

Gaskiyar ita ce, bai san abin da zai ce mata ba in ya je. Talla kuwa ba ta buƙatar ya ce komai. In ta ji ta kira, ita ta nema. In ba ta kira ba, wataƙila ba ta ji ba ne, sai a ƙara yaɗawa. Mutum zai iya rayuwa a cikin wannan wataƙilar shekara da shekaru, kuma Zayyad ya shirya yin hakan. Kowace ranar kasuwar Bukkuyum sai ya hau mota ya kai wa Rabe sababbin waƙoƙi da hannunsa, abin da zai iya aikawa ta direba, a lokacin da hanya ta fara lalacewa, mutane suna rage tafiyar da ba dole ba. Ya zauna a bencin Rabe yana kallon masu kawo memori, yana tunanin wanne ne zai shiga gidan Sanda. Bai taɓa tambaya ba. Da la'asar ya hau mota ya dawo, jikinsa duk ciwo.

Bukkuyum ba ta kawo mutane sosai ba. Bala ya ce a bar ta a koma Anka. Zayyad ya ce a ƙara haƙuri. Damina ta wuce, aka yanke shinkafar fadama.

Ran nan bayan azahar, layin aikin ya yi ƙara. Ya ɗauka da sallama irin ta rediyo.

"Malam mai haɗa aure ne?"

Shekara bakwai, amma muryar da ta ce za a ɗauki gawar ɗayansu ba ta canza ba. Zayyad ya miƙa hannu ya kashe janareto, sai kuma ya yi nadama, don ƙarar ce take rufe masa murya.

"Shi ne."

"Sunana Sanda, daga Bukkuyum. Ƙanwata ta ba ni lambarga, ta ce wata ƙawa tata ta ba ta. Ita ƙanwar tawa mijinta ya rasu. Muna son mutumin kirki, mai abin yi, ita kuma ta ce in da hali na nesa."

Bai gane shi ba. Zayyad ya yi tambayoyin da ya saba yi, bakinsa yana aiki shi kaɗai. Shekaru. Karatu. Lafiya.

"Aure nawa ta yi?"

"Ɗaya," in ji Sanda.

"Haihuwa fa?"

"Ba ta taɓa ba. Daga wajen mijin ne, kowa ya sani."

Zayyad ya dubi wayoyin da ke kan tebur. Duk fitilunsu sun mutu. Ya fahimci lissafin Sanda sarai: mutane suna tsoron matan da suka zauna a ƙauyukan dalma, ana raɗe-raɗin abin yana zama a jini, yana bin ciki. An share Duza daga labarinta, an share shi, wannan bai dame shi ba. Amma an share yaron.

"Akwai ƙa'ida," ya ce. "Sai na ji daga bakinta. Kai kuma ka ba mu wuri."

Ya ji takun takalmi, ya ji sallama, ya ji kaji. Sannan numfashi.

"Zayyadu," in ji ta, a hankali.

Duk Hausar rediyon ta zube.

"Hamida. Kin ji memorin ke nan."

"Tun ana shuka nij ji shi. Ɗiyar maƙwabta ta kunna muna tsakar gida. Kai da Hausar Kano, sai da na shiga ɗaki na yi dariya."

"Amma ba ki kira ba."

"Ga shi na kira."

Ya buɗe baki. Abin da ya yi wata da watanni yana ɗauke da shi daga Gummi zuwa Bukkuyum yake shirin faɗa. Ta riga shi.

"Kada ka hwaɗi. Na san don mi ka yi da muryarka. Ban da haushinka, wallahi, ni na daka dutsen da hannuna. Amma in na dube ka shi nika gani, kai ma in ka dube ni shi kaka gani. Mun gwada, ka san yadda ta ƙare."

Mai faci yana buga ƙarfe a waje. Zayyad ya toshe ɗaya kunnen.

"To mi kike so in yi?"

"Aikinka. Yaya duk wanda yaz zo sai ya ce ban taɓa haihuwa ba. Haka yac ce ma marigayi, na zauna gidan mutum shekara biyar ban ambaci sunan ɗana ba ko sau ɗaya. Ba ni iya sakewa. Ni kuma bakina ba ya iya hwaɗi ma baƙo. Ka samo min wanda za ka gaya ma komai tun farko. Kai kaɗai ka san labarin yadda yake."

Ya ce to. Bai san ya ce ba sai da ya ji ta yi godiya tana kiran Sanda ya zo ya karɓi wayarsa.

Maza ba su taɓa yi masa ƙaranci ba, amma a makonnin nan kowa ya duba sai ya ga aibi. Wannan yana da saurin fushi, wancan bai tsaya da sallah ba, wani kuma dariyarsa ce ba ta yi masa ba. A ƙarshe ya tsaya a kan Hudu, manomin shinkafa, matarsa ta rasu, mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa gidan Hudu yana lungun da ke bayan tasha, kuma duk mai zuwa asibiti ko unguwa daga can sai ta wuce ta gaban shagon caji. Wannan bai saka shi a cikin hujjojinsa ba.

Ya kira, Sanda ya kai mata wayar, Zayyad ya yi mata bayanin Hudu.

"Ɗan ina ne?" in ji ta.

"Nan Gummi."

Ta kira sunansa, ba da fushi ba. Irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya ɓoye abu a bayansa alhali ana ganin abin.

"Zayyadu. Na ce na nesa."

Akwai wani tela a Yawuri, Dalhatu, wanda Bala ya turo tun tuni. Zayyad ya taɓa magana da shi, ya kuma san tun ranar farko cewa ya dace, shi ya sa ya yi ta tsallake shi. Mutum ne mai sanyin magana, yana da 'ya'ya biyu da uwarsu ta bari. Zayyad ya jira har aka yi la'asar, masu karɓar waya suka ragu, ya fita bayan shago inda ake tara tsofaffin tayoyi, ya zauna a kan ɗaya ya kira shi.

Ya gaya masa komai, daga Duza har Bukkuyum. Ya faɗi sunan yaron. Ya ce an gwada jininta a lokacin, an ba ta magani, amma in yana so su sake zuwa asibiti tare. Ya ce mace ce da ba ta da yawan magana, in ta yi shiru kada a matsa mata, in kuma ta fara maganar yaron a bar ta ta kai ƙarshe, kada a yi saurin cewa ta yi haƙuri. Ya ce ba ta shan fura da sukari.

"Allah Ya sa mai ceto ne," in ji Dalhatu. "Malam, ka san ta sosai."

"Aikinmu ne bincike."

"To uban yaron fa? Yana raye? Ba na son in shiga abin da wani zai zo yana tayar mana da hankali."

Zayyad ya dubi bayan katakon shagonsa, inda ruwan damina ya ci gindinsa.

"Shina raye," ya ce. "Ba ya damun ku."

An ɗaura auren bayan ƙaramar sallah. Sanda ya kira ya yi wa Malam mai haɗa aure godiya, ya ce lallai ya zo a san juna. Zayyad ya ce ba mai tsare masa shago. Dija ce ta je, ta dawo da alawa da cincin a leda, ta ajiye masa a kan tebur ba ta tsokane shi ba, abin da bai taɓa gani ba.

Har yanzu yana bakin tashar. Bala ya ce yanzu mutane sun fara komawa manyan wayoyi, memori zai mutu, sai a sake neman wata ƙofar, ko Instagiram ko wani abu. Zayyad ya ce zai duba. Ya ajiye wayar, ya zauna kaɗan, sannan ya tashi ya ja igiyar janareto. Sai a ja na uku ya ɗauka.